Fuskar Hajja a Kasuwar Canaan

Kwanana uku a Guangzhou ta ƙasar Chaina ban taɓa ajiye jakar hannuna ba, ko banɗaki zan shiga da ita nake shiga. Zainabu, 'yar Maraɗin da ta sauke ni a ɗakinta na unguwar Xiaobei, ta zaci dala ce a ciki. Ta ce, "Ke Bakanuwa, nan ba a fizgen jaka. Ko'ina kyamara ce, ko tari kika yi an gan ki." Ita a ganinta hankalina take kwantarwa. Ni kuwa jin cewa garin duk ido ne sai ya ƙara tsinka min zuciya, domin abin da nake ɗauke da shi gani ne bai kamata a yi masa ba.

Hoto ne guda ɗaya, baƙi da fari, gefensa duk ya cinye. 'Yan mata goma sha biyu ne a jere a kan dandali, kowace da lamba a maƙale a ƙugu. Ta huɗu daga hagu, kai babu ɗankwali, kafaɗa a waje, tana dariya har wushiryarta ta fito, ita ce kakata Hajja. Hajjar da ta shekara arba'in tana koyar da matan aure karatu a soron gidanmu, wadda ake durƙusawa a ce mata Malama, uwar limamin masallacin unguwa, wato Baffana.

Ana jibi zan taso ta kira ni ɗakinta ta ce in saka sakata. Sunanta aka sa min, shi ya sa a gida ake ce min Ummi, ita kuma take ce min takwara.

Ta ce, "Takwara, kin iya riƙe baki?"

Na ce, "Hajja, ai ke na gado."

Ta ce, "To abin da nake tsoro ke nan."

Sannan ta zaro hoton daga ƙasan adakarta ta ba ni labari. Tana budurwa a Jos take, a hannun gwaggonta, tana aikin haɗa layi a gidan waya. Gab da samun 'yancin kai aka shirya gasar sarauniyar kyau ta ƙasa baki ɗaya. Abokan aikinta suka aika hotonta ba da saninta ba, aka zaɓe ta, ita kuma ƙuruciya ta ɗebe ta, ta ce wa gwaggo kwas aka tura ta, ta hau jirgin ƙasa sai Ikko. Ba ta ci gasar ba. Kakana ya san maganar kafin ya aure ta ya kawo ta Kano, ya kuma tafi kabarinsa da ita. Ban da shi babu wanda ya sani, har 'ya'yan cikinta.

Ta ɗora yatsa a kan hoton ta ce, "Zanen za ki duba. Ƙananan fitilu ne da ganye, shuɗi da ruwan ɗorawa. Ranar da za a kawo ni Kano na kyautar da shi, na kuma nemi irinsa a Kantin Kwari har na gaji. An ce mutanen can ko me ka nuna musu sai su yi maka irinsa. So nake in ƙara ɗaura shi ko sau ɗaya ne. Amma hoton nan amana ne. Idan Baffanki ya gani, ko matan da nake koyarwa, da wane ido zan dube su?"

Da wannan amanar na sauka a ƙasar da ba na jin yarenta.

Zainabu dillaliya ce, shekararta takwas a garin, Sinanci a bakinta kamar ruwa. Ita ke kai ni inda nake saro jakunkuna da mayafai na shagona, ita ke yin ciniki, ni nawa gyaɗa kai. Da na ba ta hoton da an gama komai cikin minti biyar. Amma ta yaya zan ba ta? Rabin matan Kwari da ke zuwa garin a ɗakinta suke sauka. Sai a rana ta huɗu na ce mata kaina ke ciwo. Tana fita sito, na zura hijabi na nufi benen Tianxiu, inda na ji ana buga atamfa, ni kaɗai.

An ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuma na haɗa da kurumta. Dogon bene ne, shago a kan shago, ofis a kan ofis. A cikin lif kaɗai na ji Inyamuranci da Faransanci da wani yare da ban san na ina ba ne. Wanda ya fi firgita ni shi ne Hausa. Duk inda na ji an ce "ranka ya daɗe" sai in juya baya in kama kallon bango, kamar wadda ta yi sata.

A hawa na sama na sami shagon masu buga atamfa. Mai shagon mace ce, gajeriya mai tabarau, tana kurɓar shayi a gorar gilashi. A bangon shagon an rataye zannuwa masu fuskokin mutane: wani fasto, wata tsohuwa da aka rubuta ranar mutuwarta, wani mai babbar riga da alamar jam'iyya. Na gan su da idona, amma ko kaɗan hankalina bai kai can ba. Sinancina kuwa bai wuce kalma huɗu ba: nihao na gaisuwa, sheshe na godiya, laoban wato mai shago, sai meiyo wato babu.

Na waiwaya hagu da dama, sannan na zaro hoton. Ta ɗauke shi a wayarta, ta dube shi, ta dube ni, ta yi dariya ta nuna ni da yatsa, alamar ni ce? Na girgiza kai. Na sa yatsa na zagaye jikin Hajja inda zanen yake, na nuna mata shuɗi da ruwan ɗorawa a cikin samfuranta, na ce, "Sem-sem."

Ta ce, "Sem-sem, no furoblam."

Ta nemi lambar waya don ta turo min samfur in gani kafin a buga. Layina ba ya aiki a ƙasar, lambar da nake da ita ta Zainabu ce. Na hango hoton Hajja yana faɗowa cikin wayar Zainabu, na ce, "Meiyo." Ta sake tambaya, na sake cewa meiyo. Ta ɗaga kafaɗa. Ta rubuta min a takarda cewa ba sa buga ƙasa da turmi hamsin, kuma kwana goma. Na amince, a raina na ce in Hajja ta ɗauki nata sauran sa shiga shago. Na sauko daga benen ina jin kaina gwana.

Kwana goman nan a titin Liuhua Lu na yi yawancinsu, daga wannan rukunin shaguna zuwa wancan, ƙafa ta kumbura, ga gumi kamar a ɗakin girki. Fasfona a cikin rigata yake kwana yake tashi, da na hango mai kaki sai in sauya hanya ko da babu ruwansa da ni. Abinci ya gagare ni, komai na ɗauka sai in ji ina zarginsa. Wani Basine Musulmi mai farar hula da ke sayar da taliya a lungunmu shi ya cece ni. Da ya lura kullum ina tsakurar abincin in bari, sai ya fara ɗora min soyayyen ƙwai ba tare da na tambaya ba, ya dafa ƙirji ya ce salamu alaikum. Ran Juma'a Zainabu ta yi tuwo da miyar kukar da aka kawo mata daga gida. Loma ɗaya na yi hawaye ya zubo, ta ce, "Kai, Kanawa da son gida! Sati guda fa kika yi."

Idan na ari wayarta na kira gida, Hajja sai ta bari kowa ya gama gaisawa sannan ta rage murya ta ce, "Takwara, saƙona fa?" In ce, "Yana wuta, Hajja." Ta ce, "To kar ya ƙone."

Rana ta goma da hantsi na koma Tianxiu, nan ma ni kaɗai. Laoban ta tare ni da fara'a, ta jawo turmi ɗaya daga cikin tarin, ta yanke ledar, ta warware shi a kan tebur da alfahari.

Babu fitila, babu ganye. Fuskar Hajja ce. An zagaye ta da furanni a cikin da'ira mai girman faifai, daga kitso har ƙirji, kafaɗa a waje, har jan baki sun ƙara mata. Ga ta nan, ga ta nan, ga ta nan, tun daga bakin zanen har ƙarshensa, shuɗi da ruwan ɗorawa kamar yadda na ce. Na zauna daɓas a ƙasa. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba, ina ce wa matar da Hausa, "Kin kashe ni! Wallahi kin kashe ni!" Ita kuma ta rikice tana miƙo min gorar shayinta.

Garin neman gira na rasa ido. Ban da wata dabara, na zaro katin Zainabu na miƙa wa laoban ta kira ta.

Da Zainabu ta zo ta dubi zanen, ta dubi fuskata, ta jira na gama faɗa mata komai da bakina. Ta gyara mayafinta ta ce, "Uwarki uwata ce. Ban gani ba, ban ji ba." Suka yi ta magana da laoban, sannan ta juyo ta ce, "Ummi, ba laifinta ba ne. Duk baƙin mutumin da ya kawo hoto shagon nan, hoton yake so a kan zane, na biki ko na mutuwa ko na siyasa. Kin kawo hoto, kin zagaye mutum, kin ce ba kya son samfur. Me za ta yi?"

Na ce to a ƙone su. Ta ce a garin da ko tari ake gani, a ina zan hura wuta? Sai kuma na ga fuskarta ta canja. Ta juya ta yi wa laoban wata gajeriyar tambaya, laoban ta ɗauki waya, ta daɗe tana magana, murya tana hawa. Da ta ajiye ba ta yarda ta dube ni ba.

Zainabu ta ce, "Ki yi ta maza. Masu buga zanen nan in sun ɗora inji ba sa tsayawa a kan abin da aka ce musu, sai sun buga rara. In zanen ya yi kyau sai su sayar wa 'yan kasuwa. Naki ya yi kyau. Shekaranjiya turmi talatin suka tafi Canaan."

Ba sai an gaya min su wa ke saro kaya a Canaan ba. Mutanen Kwari ne. Daga Canaan sai kwantena, daga kwantena sai Kano, daga Kwari zuwa ƙofar gidanmu kuwa ɗan sahu ɗaya ne. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Abin da ba zan manta wa matar nan ba shi ne ta ja ƙofar shagonta ta rufe da rana tsaka, ta bi mu. A cikin tasi ta riƙe hannuna tana ta faɗar wata kalma. Zainabu ta ce haƙuri take ba ni.

Canaan kasuwa ce mai lunguna kamar gidan tururuwa, ko'ina buhuna da ƙarar salatif da masu turin kaya suna ihu a ba su hanya. Shago uku aka kai wa zanen. Na farko muka sami takwas, muka kwashe. Na biyu ya ce meiyo, ya mayar wa na uku nasa. Tun daga nesa na hango na ukun, domin sun rataye zanen a bakin ƙofa, Hajja tana yi wa duk mai wucewa dariya.

A cikin shagon wani mutum ne a tsaye da jamfa da hula zanna, ya ba mu baya, yana rubuta sunansa da alƙalamin maka a jikin buhu. Ya juyo.

"A'a! Ummi? 'Yar gidan Malama? Yaushe a gari?"

Alhaji Sabo ne. Katangarmu ɗaya da shi. Salla biyar a bayan Baffa yake yi, matarsa Hajiya Asabe kuwa ta fi shekara ashirin tana ɗaukar karatu a gaban Hajja. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Zo ki ga sabon zane, bai shiga Kwari ba tukuna. Na kwashe abin da ya rage." Ya sa aka sauko da na ƙofar, ya ware shi da hannu biyu, ya ƙura masa ido. "Amma wallahi kamar na san fuskar nan."

Ya ɗago ya dube ni. Wushiryar Hajja na gado, da hancin, da komai. Na ja hijabi na rufe bakina kamar mai jin kunyar babba. Ya sake duban zanen, ya karkata kai.

"Ko wata mawaƙiya ce ta da, 'yar Mali?"

Zainabu ta yi caraf ta ce, "Ita ce, Alhaji, 'yar Bamako. Ta daɗe da rasuwa."

Ya ce, "Na ce dai! Ni fuska ba ta ɓace min."

Na tattaro ɗan ƙarfin da ya rage min na ce, "Alhaji, da za ka taimaka ka sakar min su, na sa a shagona."

Nan na yi kuskure na biyu, domin ɗan kasuwa ba ya sakin abin da ya ga wani yana so. Ya yi dariya ya ce, "Ke da kika gani yanzu kika rikice, ina ga matan Kano? Ai wannan ba na saki ba ne. Sai dai in ba ki ɗaya ki kai wa Malama tsaraba. Au, na manta, Malama ba ta ɗaura mai hoto." Na ƙara roƙo sau ɗaya, sai ya daina dariya ya ce, "Wai lafiya, Ummi? Me ke cikin zanen nan?" Zainabu ta taka min ƙafa. Na ce babu komai, Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ina tsaye aka naɗe buhun da salatif aka ɗora a baro, da la'asar za a loda kwantenarsa.

Sauran kwanakina uku a garin ban san yadda suka wuce ba. Zainabu ta kai hamsin ɗina da takwas ɗin nan wurin masu rini aka turmuza su a baƙi, na cire guda ɗaya na cusa a ƙasan akwati. Laoban ta so ta sake buga min na gaskiya, ta buɗe hoton a babbar na'ura muka duba tare. Fitilun ba sa fitowa, ɗigo-ɗigo ne kawai, babu abin da za a kwafa. Ta goge hoton daga wayarta a gabana, na ce mata sheshe, muka rabu.

Na dawo Kano na mayar wa Hajja hotonta, na ce mata zanen yana cikin jirgin ruwa. Ban yi ƙarya ba, amma ban taɓa jin kunyar gaskiya irin wannan ba. Wata biyu na yi ina ramewa. Da Baffa ya aiko a kira ni sai na zaci asiri ya tonu, ashe cefane ne. Har addu'a na yi a riƙe kwantenar Alhaji Sabo a tashar jirgi, na dawo na yi istigfari.

Wata Alhamis da safe ina soro ina zuba wa ɗalibai ruwa a buta, Hajiya Asabe ta yi sallama. Hijabinta iya gwiwa ne. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa shuɗi ne da ruwan ɗorawa. Ta ratsa mata kusan talatin, ta zauna a inda ta saba zama, daf da ƙafar Hajja, ta miƙe zanen a kan cinyarta. Butar ta suɓuce daga hannuna.

Hajja ta sauke tabarau ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Asabe, wace ce wannan a jikin zanenki?"

"Oho, Malama. Alhaji ne ya kawo daga Chaina, wai wata mawaƙiya ce 'yar Mali. Kyakkyawa ko?"

Matan suka leƙo, wata ta ce zanen ya yi kyau, wata ta tambayi inda ake samu. Hajja ta mayar da tabarau ta ce, "Ba laifi. Amma ki canja shi kafin azahar, ba a salla da mai hoto." Ta buɗe littafi ta ci gaba daga inda aka tsaya jiya, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Da aka tashi ta ce, "Takwara, biyo ni. Saka sakata."

Na zube a gabanta na faɗa mata komai, daga ciwon kan ƙarya har buhun Alhaji Sabo, ina kuka ina neman gafara. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Tagumi ta yi tana kallon ƙofa.

Can ta ce, "Asabe shekararta ashirin da biyu tana kallon fuskata. Baffanki a ƙofar soro ya wuce ta ɗazu, ina ji ya amsa gaisuwarta." Ta juyo ta dube ni. "Shekara sittin da ɗoriya ina kwana ina tashi da tsoron ranar da wani zai gane ni. Ashe duk wanda zai gane ni ya riga ni tafiya."

Ban taɓa ganin hawayen Hajja ba sai ranar, kuma ni na jawo shi.

Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Na san halinki, ba za ki rasa ɓoye ɗaya ba. Kawo." Na ɗauko mata. Ta shimfiɗa shi a kan gwiwarta, ta bi da'irar da yatsa har ta kai gefe, inda masu bugawa suka yanke hoton suka bar ɗan guntun hannun wadda ke tsaye kusa da ita.

Ta ce, "Wannan gwiwar hannun Kamfot ce, 'yar Kalaba. Ita ta ara min takalmi da nawa ya tsinke, ya yi min yawa, na cusa masa jarida." Ta jawo adaka ta zaro hoton. "Matso, takwara. Ki riƙe sunayen nan da kyau, in na tafi babu mai faɗa miki."

Na matso. Ta ɗora yatsa a kan ta farko daga hagu.